Milimita Huɗu da Suka Hana Keke Tsayawa: Neman Birki ga Tsohon Keken Doguwar Tafiya a Jos

Mai keken da kekensa

Malamin makarantar sakandare ne, shekarunsa arba'in da 'yan kai, yana zaune a Unguwar Rogo, yana koyarwa a wata makaranta ta ɓangaren Lamingo. Tsakanin gida da wurin aiki kilomita tara ne. Kafin 29 ga Mayu 2023 keke napep yake shiga, hawa biyu zuwa, hawa biyu dawowa. A ranar ne Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin abin hawa ya bi bayanta. Da Malam ya buga lissafin wata, sai ya tuna da keken kawunsa da ke rataye a sito.

Keken ba irin Raleigh da Phoenix ɗin da muka taso muka gani ba ne, masu birkin sanda. Miyata ne, ƙirar Japan ta farkon shekarun 1980, daga cikin waɗanda aka yi don doguwar tafiya da kaya: jikinsa ƙarfe ne siriri mai ƙwari, kansa lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, yana da giya, yana da wurin ɗaura kariyar ɗaukar kaya gaba da baya. Kawun ya saya ne a hannun wani Bature da zai bar Jos. Birkinsa kuwa irin wanda ake kira kantiliba ne. A jikin fok, wato ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba, akwai gajerun turaku biyu na ƙarfe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, haka ma a baya. Kowane turke yana ɗauke da fiffike guda mai riƙe da robar birki. Wata 'yar gajeriyar waya ta haɗa fikafikan biyu ta saman taya, babbar wayar birki kuma tana sauko mata da ƙugiya. In aka matse hannun birki, ƙugiya ta ja gajeriyar waya sama, fikafikan su juyo ciki, robobin su damƙe rim. An fi sa shi a kekunan tafiya ne saboda yana barin fili ga taya mai faɗi da murfin tare taɓo. Wanda ke jikin wannan keken Dia-Compe 960 ne, na asali.

Nauyin Malam kilo 78. Jakar littattafai da takardun jarrabawa takan kai kilo 12. Jos kuma gari ne da ke bisa tsayin kusan mita 1,200, hawa da gangara ne duk inda ka nufa, damina tana kamawa daga Afrilu har Oktoba.

Yuli 2023: an sauya ƙafafu

Tayoyin keken sun tsattsage saboda daɗewa, rim ɗin baya kuma ya tsage a gindin wayoyi uku. A jikin tayar an rubuta 27 × 1¼. Malam ya zaga wurin masu kayan keke kwana biyu bai sami wannan lambar ba. Wani ya miƙo masa taya mai lamba 28 × 1½ ya ce ai kusa suke, ta yi wa rim ɗin yawa. Wani ya ba shi wata mai lamba 28 daga kayan Kwatano, ita kuma ta ƙi shiga don ƙanƙanta.

Wannan ruɗanin yana da tushe, kuma shi ne mafarin duk abin da ya biyo baya. Lambar inci da ake bugawa a taya ba ta faɗin ainihin girman rim. Abin dogaro shi ne ƙananan lambobi biyu da ke gefe, irin su 32-630. Ta biyun ita ce faɗin da'irar rim a milimita, daidai inda bakin taya yake zama. Inci 27 shi ne 630. Tayar Raleigh, 28 × 1½, ita ce 635. Girman da ya mamaye duniya yanzu, 700C, shi ne 622, kuma a Jamus shi ma 28 suke kiransa. Girma uku ne daban-daban, babu wanda ke zama a rim ɗin wani.

Tun da 622 ne ake samu a ko'ina, mai gyaran unguwa ya ba da shawarar a sauya ƙafafun biyu. Aka samo na wani keke ɗan Kwatano, rim ɗin alminiyam, aka ɗora musu taya 35-622. Suka zauna a jikin keken lafiya. Sai dai 630 a cire 622 saura 8, rabinsa 4. Wato gefen rim ɗin da roba take kamawa ya sauko ƙasa da milimita 4. Birkin asali kuwa don tsayi guda aka ƙera shi, ba shi da wata hanyar kirki ta sauko da roba. Mai gyaran ya karkatar da robobin suka duƙa ƙasa, ya ɗaure, ya murza ƙafa ya taka birki a tsaye, ya kama.

Ranar ruwa

A mako na uku, ana yayyafi bayan la'asar, Malam yana gangarowa da jakarsa a baya sai keke napep ya tsaya gabansa don ɗaukar fasinja. Ya matse hannu biyu har suka taɓa kan keke. Keken ya rage gudu amma bai tsaya ba. Da ƙafa ya ƙarasa tsayawa, ya goge gwiwa a bakin kwata, wando ya yage. Allah Ya tsare, abin bai wuce haka ba.

Washegari na duba keken tare da shi. Bakin roba kaɗai ke taɓa rim, bai kai kashi ɗaya cikin uku na fuskarta ba. Saman robar hagu kuma ya fara goge gefen taya har zare ya soma leƙowa. Su kansu robobin sun bushe sun yi tauri kamar katako, ka danna da farce ba ya shiga.

A ranar muka tsara wani awo mai sauƙi da aka ci gaba da amfani da shi har ƙarshe. Akwai wata gangara marar cunkoso kusa da gidansa. Yakan tashi daga gindin wata falwaya ba tare da taka feda ba, da jakar a baya, in ya iso falwaya ta uku ya matse birki iya ƙarfinsa, sai mu ƙirga taku daga nan zuwa inda ya tsaya. Ranar farko, a busasshiyar hanya, taku 19.

Agusta: birkin V

Shawarar farko ita ce a cire tsohon kaya a sa birkin V, wanda ke jikin yawancin kekunan hawan dutse da ake shigowa da su. Yana da arha, yana ko'ina, kuma a kan irin waɗannan turakun yake zama. Tun tsakiyar shekarun 1990 da kamfanin Shimano ya yaɗa shi ya ture kantiliba daga kasuwa, har yaran masu gyara da yawa ba su san wani birkin turke ba sai shi.

Aka ɗaura. Matsala biyu suka bayyana nan take. A gaba, dogayen fikafikan sun buɗe waje kamar almakashi maimakon su tsaya a miƙe, wayar da ke ratsa samansu kuma ta kwanta a kan murfin taya, dole aka cire murfin a tsakiyar Agustan Jos. Ta biyun ta fi tsanani. Birkin V yana buƙatar hannun da ke jan waya mai tsawo, kusan ninki biyu na abin da hannun kan ƙaho yake ja. Da hannun da ke jikin keken, in aka bar tazara tsakanin roba da rim, hannu zai ƙure kafin birki ya kama. In aka matso da robobin dab da rim, sai su riƙa gogar sa a kowane juyi, musamman in ya kwashi yashi. Akwai hannun kan ƙaho da aka yi musamman don birkin V, irin Tektro RL520, amma ba a same shi a Jos ba, kuma ko an samu ba zai gyara buɗewar fikafikan ba.

Awo ya ba da taku 16 a ranar da aka yi saiti. Bayan kwana goma, da robobin suka ɗan ci, ya koma 21.

Satumba: sabon kantiliba

Daga nan Malam ya yanke cewa tun da kantiliba aka yi keken da shi, a koma kantiliba, amma sabo. Wani ɗan'uwansa ya aiko masa da saiti guda daga Abuja, gaba da baya, cikin kwalinsa. A baya ya zauna ba gardama. A gaba kuwa aka kwashe yini guda ana fama.

Robobinsa irin masu noti ne a baya, da jerin woshoshi masu kauri tsakanin roba da fiffike. Kafin fiffiken ya miƙe tsaye, roba ta riga ta dunguri rim. Dole fikafikan suka kwanta waje, fuskar roba ta kalli sama, tana tunkarar rim daga ƙasa a karkace. Aka juya woshoshin, aka sa siraran a ciki, masu kaurin a waje. Ya ɗan rage, bai warke ba. Ramin da roba ke hawa da sauka a cikinsa ya ƙure a ƙasa, ana bukatar ƙarin milimita biyu ko uku. Yaron shagon, don ya hana fiffike rawa, ya ɗaure notin turken hagu da ƙarfin tsiya har bakin turken ya ɗan baje. Tun daga ranar fiffiken hagu ya daina komawa da kansa in an saki birki.

Taku 15. Ga kuma ƙara mai tsinka kunne, da wata girgiza da fok ke yi in an kama birkin gaba sosai.

A wannan gaɓar ne wani mai walda ya ce a kawo ya yanke turakun ya mayar da su inda ake so. Malam ya kusa yarda. Abin da ya hana shi ne, turakun ba da waldar lantarki aka manna su ba, da narkakken tagulla ne, ƙarfen fok ɗin kuma kaurinsa bai fi kusan milimita ɗaya ba. Sandar waldar da ake haɗa ƙofa da taga da ita huda shi za ta yi, ko ta bar shi da raunin da ba a gani sai ranar da ya karye a gangara.

Oktoba: aka ɗauko ma'auni

Wani abokin aikinsa ne ya kwatanta masa wani dattijo mai gyaran keke a cikin gari, wanda ya yi aiki a kan kekunan Turawa tun yana yaro. Dattijon bai taɓa birkin ba sai da ya kwance shi gaba ɗaya ya ajiye gefe. Ya ɗauko rula ta ƙarfe.

"Malam, kafin ka sayi waɗannan, wa ya auna maka tsakanin turakun nan?"

"Babu wanda ya auna, Baba. Na ɗauka duk ɗaya ne."

"Da ɗaya ne da ba ka zo nan ba. Riƙe min nan."

Daga tsakiyar turke zuwa tsakiyar turke, a gaba milimita 60, a baya 74. Faɗin rim daga waje 24. Daga tsakiyar turke zuwa tsakiyar gefen rim, a tsaye, 22 a gaba.

Kekunan yanzu ana raba turakunsu da kusan milimita 80, kuma don wannan tazarar ake ƙera birkunan yanzu. Kekunan tafiya na ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 kuwa da yawansu tsakanin 55 da 65 suke, musamman a fok. Lissafin a fili yake. A keken zamani, 80 a cire 24 saura 56, kowane gefe yana da 28 tsakanin turke da rim. A fok ɗin Malam, 60 a cire 24 saura 36, kowane gefe 18. Santimita guda cur ta ɓace a kowane ɓangare, kuma a cikin wannan santimitar ne kaurin roba da woshoshinta ya kamata su zauna. A baya kuwa sabon birkin ya zauna ne saboda 74 bai yi nisa da 80 ba.

Dattijon ya lissafa abin da ake nema, abu uku. Fiffike mai dogon rami da zai bar roba ta sauko ƙasa sosai. Roba mai santsin sanda, marar zaren noti, wadda ake zura ta cikin ido a tura ta ciki ko a jawo ta baya har ta manne da fiffike. Sai kuma fiffiken da ke riƙe robar ta gaban turke, don kada jikinsa ya cinye filin. Ya ce irin wannan a jikin kekunan hawan dutse na tsakiyar shekarun 1980 ake samu, ya ambaci Dia-Compe 981 da tsofaffin Shimano. Ya rubuta 60 da 22 a bayan kati ya ba shi, ya ce duk inda ya ga birki ya auna kafin ya taya.

Nuwamba: a wurin 'yan gwangwan

Mako biyar aka yi ana nema. A ƙarshe a ɓangaren Dilimi aka samu, jikin wani gangar keke da ba ƙafa ba sirdi, fikafikai biyu na Shimano BR-AT50, sun yi baƙi da datti amma sifirin ɗinsu da rai. Kuɗinsu bai kai rabin na birkin V ɗin da aka jefar ba.

Aikin ɗaurawa ya ci awa uku, kuma a ganina rabin nasarar a nan take. Dattijon ya fara da turken hagu, ya goge bajewar bakinsa da samfefa a hankali har fiffike ya riƙa juyawa ba tare da sarƙewa ba. Ya shafa giris kaɗan a turakun, ya tabbatar ko ɗigo bai taɓa rim ba. Tsofaffin turaku rami ɗaya gare su na sifirin, ba uku ba kamar na yanzu, don haka daidaita ƙarfin dama da hagu sai da ya ɗan lanƙwasa sifirin ɗaya da filaya. Ya zubar da tsofaffin robobin ya sa sababbi sirara, ya sauko da su har suka zauna milimita ɗaya zuwa biyu ƙasa da bakin rim, fuskarsu gaba ɗaya a manne. Sai ya ninke katin waya ya saƙala a ƙarshen kowace roba ta baya kafin ya ɗaure, domin gaban roba ya riga bayanta taɓa rim da kamar milimita ɗaya. Wannan ne ya kashe ƙarar.

Ya sauya babbar waya da rigarta, don tsohuwar ta yi tsatsa a ciki tana cinye ƙarfin hannu. Ya goge gefen rim da samfefa mai laushi. Ya gano wuyan keken ya ɗan saki, ya ɗaure, girgizar fok ta ragu sosai.

Sai tsayin ƙugiya. Sau huɗu yana sauya shi yana tura Malam ya gwada. In ƙugiya ta yi sama da yawa, hannun birki yakan yi tauri, mai keke ya ji kamar birki ne na gaske, alhali damƙar ba ta da ƙarfi. In ta sauko, hannu yakan yi laushi, damƙa ta ƙaru, amma in aka wuce gona da iri hannu zai ƙure a kan keke. Suka tsaya inda hannun ke kamawa a rabin tafiyarsa, da tazarar yatsa biyu tsakanin ƙugiya da murfin taya. Murfin ma an mayar da shi, kuma dattijon ya ce kada a ƙara cire shi: in babbar waya ta tsinke, gajeriyar takan faɗo kan taya, in ta saƙale a haƙoranta ƙafar gaba ta tsaya cak ta wurga mutum ta saman kai. Murfin ne ke tare ta.

A baya aka bar sabon birkin Abuja, aka yi masa irin wannan saitin. Awo a ranar: taku 9.

Daga hunturu zuwa daminar 2024

Ƙurar hunturu ta ci robobi da sauri fiye da yadda aka zata. A Fabrairu aka tura su ciki milimita biyu ta cikin idonsu, ba a taɓa waya ba, saitin ƙugiya ya zauna yadda yake. Awo ya ba da 9 a Disamba, 11 kafin a tura robobin, 9 bayan an tura. A Yuni, cikin ruwa, 13. Rim jiƙaƙƙe sai ya yi juyi ɗaya ko biyu roba ta share ruwan kafin ta kama, don haka Malam ya saba da ɗan taɓa birki tun daga saman gangara. A Yuli aka sauya robobin gaba. Tayar gaba ba ta ƙara samun gogewa a gefe ba.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Tun ranar ruwa kowa ya ɗauka ƙarfin birki ne ya gaza, shi ya sa aka yi ta neman wanda ya fi sabunta ko ya fi damƙa. Ni kuwa abin da na gani shi ne duk birkunan huɗu suna da ƙarfin tsayar da kilo 90 da keke. Bambancinsu yana ga iya inda kowanne zai kai robarsa. Na asali bai iya sauka milimita 4 ba. Birkin V bai dace da hannun ba, bai dace da tazarar ba. Sabon kantiliba an yi shi don 80, aka kai shi 60. Na 'yan gwangwan ya yi ne don robarsa tana motsi sama da ƙasa, ciki da waje, tana kuma juyawa, kuma an ƙera shi a zamanin da turaku ke kusa da juna. Tsufansa ba shi ne falalarsa ba. Akwai sababbi da ake cewa suna jure matsattsun turaku, irin Shimano BR-CX50 da ke zuwa da woshoshi masu kauri daban-daban, sai dai su ma da ma'auni a hannu ya kamata a tunkare su.

Ba na ɗora wa mai gyaran farko laifin sauya ƙafafu. Shawara ce mai kyau, don keken da ba a samun tayarsa ajiyayye ne. Kuskuren shi ne gwada birki a tsaye, ba kaya, ba gangara, a ce ya kama. Ban kuma yarda a ba fikafikan AT50 yabon duka ba. Daga taku 15 zuwa 9, wani kaso na sabuwar waya ne, wani na sabuwar roba da gogaggen rim, wani na ƙugiyar da aka sauya wa wuri sau huɗu. Ba mu raba su muka auna ɗaya bayan ɗaya ba, a rana guda aka yi su duka.

Abu ɗaya ya rage ba a gama da shi ba. In Malam ya kama birkin gaba da ƙarfi a kan tsakuwa, fok yana ɗan rawa har yanzu, saboda maƙalar wayar tana can sama a wuyan keke, nesa da birkin. Maganinsa maƙalar da ake ɗaurawa a kan fok ɗin kansa, ta ramin notin murfin taya. Dattijon ya yanko ƙarfe ya ce zai lanƙwasa masa guda in an yi hutun makaranta.